Baƙon Taro a Birnin Katsina: Yadda Za Ka Ga Gari a Ɗan Lokacin da Ke Hannunka

Yawancin tarukan da ake kira a Katsina, na jami'a ne ko bitar ma'aikata ko na ƙungiya, a wajen tsohon birni ake yin su. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya duk a kan hanyar Dutsin-Ma suke, manyan masaukai kuwa sun fi yawa a GRA da sababbin unguwanni. Saboda haka mutum kan kwana uku a Katsina, ya gabatar da maƙalarsa, ya karɓi takardar shaida da kuɗin mota, ya koma gida ko inuwar hasumiyar Gobarau bai gani ba. Abin bai tsaya ga baƙin nesa ba. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na ƙasar Kankiya da Kusada, mutanen Fakuwa da Kafin Dangi da Rimaye da Yashe, da yawansu sun fi sanin sakatariya da tashar mota fiye da Ƙofar Soro, alhali birnin bai fi tafiyar awa guda daga gida ba.

Katsina ba ta cika kafa alluna tana bayanin kanta ba. Tarihinta yana jikin gini da sunayen unguwanni da bakin dattawa. Wanda ke son ganinta yana bukatar abu uku: lokacin da ya tsara tun kafin ya taso, ɗan gari da zai shige masa gaba, da ladabin da zai sa a buɗe masa ƙofa.

Kafin ka taso

Fara da duba watan da taron ya faɗo. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne: sanyin asuba mai shiga ƙashi, da hazo, da ƙurar da ke tsattsage leɓe. Ka zo da rigar sanyi da man shafawa da takunkumi, musamman in kana da asma. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafi kan haura digiri 40, yawon tsakar rana kuwa neman ciwo ne. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da ƙasa ta fi kyan gani, gero da dawa sun rufe gefen titi, amma lungunan cikin birni kan riƙe ruwa, kuma sauro na nan, sai a taho da maganinsa. In taron ya zo cikin azumi, gari kan yi sanyin jiki da rana ya farka bayan buɗa baki. In ya zo daf da Salla, ƙara kwana ɗaya ko biyu a yi kallon hawa ba asara ba ce.

Sutura ta zama mai rufe jiki, wadda ba ta riƙe zafi. Kaftani da hula sun wadatar da namiji, mace kuma ta riƙe babban mayafi ko hijabi, domin fada da unguwannin malamai ba wurin shigar yayi ba ne. Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa, don za ka cire shi sau da yawa. Ka riƙe katin shaida a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro, da 'yan kuɗi a hannu, ƙananan takardu. Masu POS sun cika gari, amma mai kurkura da mai fura canji suke so.

Abu mafi amfani shi ne ka kira mai masaukinka ko wani daga cikin masu shirya taron, ka ce masa kana son ganin cikin gari, ya haɗa ka da wanda ya tashi a can. A jami'o'in nan ba a rasa ɗalibin tarihi ko na Hausa ɗan Yarinci ko Gambarawa ko Rafindaɗi da zai yi murnar raka baƙo.

Hanya

Katsina na da filin jirgin sama mai sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, a kan hanyar Daura. Jadawalin jiragensa kan canza, don haka ka tabbatar da ranar tashi kafin ka ɗora shirinka a kai. Baƙi da yawa a Kano suke sauka su ƙarasa da mota. Tsakanin Kano da Katsina kimanin kilomita 170 ne, ka ware awa uku, domin an daɗe ana aikin faɗaɗa titin kuma akan karkatar da motoci hannu ɗaya a wasu wurare. Motocin haya na lodi a tashar Ƙofar Ruwa, akwai kuma bas-bas na hukumar sufuri ta jihar Katsina, KTSTA.

Daga Kano za ka wuce Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ka shigo jihar Katsina ta ƙasar Kusada. A wajen Gidan Mutum Ɗaya ne hanyar Funtuwa zuwa Yashe ke haɗuwa da titin Kano, wato nan mutanen Zariya da Kaduna da Abuja da suka biyo ta Malumfashi ke faɗowa. Gaba kaɗan sai Kankiya, wurin da ya dace a tsaya a yi salla a sha ruwa, don daga nan saura kamar kilomita 60. Sai Charanchi, wadda kasuwarta ke ci ranar Lahadi. Mai taron Litinin da ya taso Lahadi ya san cewa motocin dabbobi da na hatsi za su rage masa gudu a nan.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta ga baƙo. Jihar ta sha fama da 'yan bindiga, musamman ƙananan hukumomin yamma da ke jikin dajin Rugu, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, kuma abin kan taɓa wasu wuraren. Halin hanya na sauyawa daga wata zuwa wata, labarin bara ba ya aiki bana. Ka tambayi mai masaukinka da direbobin tasha a ranar tafiya, ka taso da safe, ka shiga gari kafin magariba, kada kuma ka yarda da ratse don an ce ya fi kusa.

Yadda za ka yanki lokaci

Baƙon taro ba shi da yini sukutum, guntaye yake da su. Na farko daga bayan asuba zuwa ƙarfe tara, kafin a buɗe zama. Na biyu daga La'asar zuwa magariba. Na uku ranar rufewa, wadda galibi akan tashi da Azahar. Safiya ta fi dacewa da Gobarau da ƙofofi, lokacin rana ba ta yi ba kuma titi bai cika ba. Gidan tarihi yana bin lokacin aikin gwamnati, don haka a ba shi hutun rana ko ranar rufewa. Yamma ta kasuwa ce da unguwanni. Ranar Juma'a daga hantsi hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci da fada kan cushe, sai dai in can za ka yi sallar, wanda kuwa shi ma abin gani ne.

Daga hanyar Dutsin-Ma, kurkura za ta kawo ka Ƙofar Ƙwaya ka shige ciki. Ku yi ciniki kafin ka hau. In ku uku ne ko huɗu, ɗaukar shata na awa biyu ya fi sauƙi da a riƙa sauka ana hawa.

Ƙofar Soro da Gidan Korau

A fara da fada, don daga nan ake gane sauran. Filin Kangiwa ne a gabanta, inda mahaya ke kawo jinjina ranar hawan Salla, babban masallacin Juma'a kuma yana kusa. Gidan sarautar ana kiransa Gidan Korau, da sunan Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka a matsayin sarkin Katsina Musulmi na farko, wajen ƙarni na 15. Labarin baka ya ce ɗan kokawa ne daga 'Yandoto, ya ka da Sanau na gidan Durɓawa ya karɓi sarauta, kuma takobin Gajere da ke cikin kayan sarautar Katsina ana danganta shi da wannan lamari.

Gidaje uku ne ya kamata baƙo ya riƙe a ka, in ba haka ba bayanin mai rakiya zai rikice masa. Sarakunan Haɓe sun riƙe gari har zuwa jihadi, lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin wajen 1807. Waɗanda aka fitar suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Dallazawa, gidan Ummarun Dallaje, suka yi mulki har 1906, sa'ad da Turawa suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Dikko ya yi sarauta har 1944, ɗansa Usman Nagogo har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Sarki Abdulmumini Kabir Usman.

Fada gidan mutane ne da wurin aiki, ba a faɗa mata kai tsaye. A bakin Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar, za ka tarar da dogarai cikin riguna masu ja da kore. Ka yi sallama, ka gaishe su, ka bar ɗan gari ya faɗi daga inda kuka fito da abin da ya kawo ku. In an ce iyakarku nan, to nan ne. In basarake ya zo wucewa, ka matsa gefe, ka ɗaga hannu a dunƙule ka ce ranka ya daɗe. Kada ka miƙa masa hannu sai shi ya fara miƙowa. Inda ka ga takalma a jere, kai ma ka tuɓe naka. Hoto sai da izini, na gini ne ko na mutum. Tawagar da ke son kai gaisuwa ga Sarki, masu shirya taro ne za su rubuta wa majalisar masarauta tun da sauran kwanaki, ba ranar ake nema ba.

Gobarau

Daga fada zuwa hasumiyar Gobarau ba nisa. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, gindinsa da faɗi, yana tsukewa hawa-hawa zuwa sama. Ita ce abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'a da ake dangantawa da zamanin Korau, wurin da ya zama makarantar manyan malamai. An yi amfani da ita wajen kiran salla da kuma hango maƙiya daga nesa. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Maghili ya biyo ta Katsina, kuma Imam Suyuɗi na Masar ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Wannan ya isa ya nuna inda sunan garin ya kai tun a lokacin.

Ka matsa kusa ka dubi jikin bangon. Ba a miƙe yake sak kamar na bulo ba, yana da tudu da kwari inda hannun magina ya bi da yaɓe, kuma launinsa kan bambanta daga wuri zuwa wuri, alamar gyaran da aka sha yi. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa, damina biyu ko uku ba kulawa sai ya fara zaizayewa. Shi ya sa ba a kankare shi, ba a rubuta suna a jikinsa. In mai kula da wurin ya ba da izinin hawa, ku hau kaɗan-kaɗan, a hankali, ba tawaga gaba ɗaya ba. Daga sama za ka gane yadda tsohon birni ya dunƙule da yadda sabon gari ya tsallake ganuwa ya bazu. In za ku tafi, a yi wa mai kula ihsani.

Unguwannin malamai

Katsinawa na alfahari da waliyyansu uku. Wali Ɗan Takum na ƙarni na 16 ne. Wali Ɗan Marna, wato Muhammad ibn al-Sabbagh, da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, na ƙarni na 17 ne, kuma dukansu sun bar rubuce-rubuce da Larabci. Unguwar Masanawa na nan da sunanta, sarautar Ɗan Masani kuma ta bazu har wasu masarautu. Baƙon da ya zo taron lissafi ko kimiyya ya riƙe sunan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

A maƙabartar Ɗan Marna aka rufe Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa a 1997, da ƙanensa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Wurin ziyara ne da addu'a. A shiga da sallama, a rage murya, a kula da inda ake taka ƙafa, a bar waya a aljihu. A al'adar garin mata ba su cika shiga maƙabarta ba, sai a bi abin da mai rakiya ya ce.

A cikin lunguna, dattawan da ke zaune a dakali su ne ma'ajiyar labari. Kada ka buɗe baki da tambaya. Ka rusuna ka ce, Baba ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, ka jira a amsa a tambaye ka daga ina. In malami ne ka ce Allah gafarta Malam. Bayan nan tambaya ɗaya kan jawo bayanin rabin awa. Zaure kuwa iyakar baƙo namiji ne, ba a leƙa cikin gida.

Tsohuwar kwaleji

Ga wanda taron ilimi ya kawo, nan ne bai kamata ya tsallake ba. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce makarantar boko mai zurfi ta farko a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Abubakar Imam duk a nan suka yi karatu. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga can Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon ginin yana Rafukka, yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Kafin ka kalli kayan da aka jera, kalli ɗakin kansa. Kaurin bangon ƙasa ne ya sa cikinsa ke da sanyi ko da rana ta take, ba fanka ba na'ura. Ka ɗaga kai ka ga yadda maginan gargajiya suka ɗaure rufi da azara. A irin wannan ɗaki aka koyar da mutanen da suka riƙe Arewa da Nijeriya a 1960. Ka nemi ma'aikacin gidan ya zagaya da kai, ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, ka ba wurin awa guda cur.

Ƙofofi

Ganuwar Katsina ta zube a mafi yawan wurare, gidaje sun hau kanta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14. Abin da ya rage a fili shi ne ƙofofi bakwai da aka fi sani: Ƙaura da Ƙwaya da 'Yandaka da Guga da Sauri da Durɓi da Marusa. Huɗu daga ciki sunayen manyan sarautu ne da har yau ke riƙe da ƙasa: Ƙaura hakimin Rimi, 'Yandaka na Dutsin-Ma, Durɓi na Mani, Marusa na Dutsi. Ƙofar Ƙaura ce ke karɓar mai zuwa daga Kano da Kankiya, ita da Ƙofar Ƙwaya yanzu akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa a gabansu. Ƙofar Durɓi na fitar da kai hanyar Mani da Daura, Sauri hanyar Kaita, Guga hanyar Jibiya, 'Yandaka hanyar Batsari. Ta Ƙofar 'Yandaka Baturen mulkin mallaka Lugga ya shigo a 1903. Shata ɗaya ta safe ta isa a zagaye su duka, kuma wanda ya yi wannan zagaye ya daina ɓata a Katsina, don kowane kwatance da ƙofa ake yin sa.

In an samu yini guda

Gabas za a nufa. A ƙasar Mani akwai Durɓi ta Kusheyi, inda manyan tuddan ƙasa ke rufe da kaburburan da ake dangantawa da sarakunan farko, tun kafin a kafa birnin yanzu. Masu binciken tarihi sun tona wasu sun sami kayan ƙarfe da na ado. Ba wurin shaƙatawa ba ne, ƙauye ne, sai an fara gaida mai gari, kuma ya fi kyau a tafi da wani daga gidan tarihi.

Daura kimanin kilomita 80 ce daga Katsina. A can rijiyar Kusugu take, wadda labarin Bayajidda da macijiya ya rataya a kanta, ga fadar Sarki kusa. A Daura aka rufe Mamman Shata a 1999, da tsohon Shugaba Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025. Wanda ya fita da ƙarfe takwas zai ga duk wannan ya dawo kafin La'asar. Maraɗi kuwa, duk da kusancinta ta Jibiya, wata ƙasa ce, kuma halin iyaka da na hanya kan canza. Kada a tsoma ta cikin shirin taron kwana uku.

Ci da sha da tsaraba

Abincin otal iri ɗaya ne ko'ina. Da safe ka nemi koko da ƙosai ko waina da miya, da rana fura da nono, da dare tuwon dawa miyar kuka ko tsire da balangu. Ka zaɓi wurin da 'yan gari ke layi, inda abinci ba ya kwana. Ruwa na roba ko na leda mai hatimi. In an gayyace ka gida, kada ka ƙi, ko loma biyu ce ka yi. Ba banza ake yi wa garin kirari da ɗakin kara ba: mai gida zai ba ka abin da shi kansa yake bukata bai nuna ba, don haka kai ma ka yi kara, kada ka ɗora masa hidimar da ta fi ƙarfinsa.

Tsaraba a babbar kasuwa ko 'Yar Kutungu za a same ta: kilishi da dambun nama, hula da takalmin fata, alkaki da nakiya, tabarma da faifai. A taya da fara'a, in ba a daidaita ba a ce Allah ya kawo kasuwa a wuce. Kilishi a saya ranar tafiya, a naɗe shi a takarda, don leda na sa shi gumi.

Ranar komawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya jiran jawabin rufewa da rabon takardu har La'asar ta wuce, sannan a kama hanyar Kano ko Funtuwa. Mutumin Kankiya ko Kusada na iya tashi ƙarfe huɗu ya isa da haske, in dai ba sai ya sake hawa babur zuwa ƙauye ba. Mai zuwa Kano ya fita kafin ƙarfe uku. Mai zuwa Zariya ko Kaduna ko Sakkwato, in Azahar ta yi masa a Katsina, ya ƙara kwana ya yi sammako. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai abin da ake gudu ba.

Masu shirya taro su ma da nasu aikin. Awa uku a cikin jadawali, bas ɗaya, wasiƙa zuwa majalisar masarauta da gidan tarihi, da malamin tarihi guda da zai riƙe bayani, sun isa a kai mahalarta fada da Gobarau da Rafukka a dawo. A sa wannan fita a safiyar rana ta biyu, domin duk abin da aka tura ranar ƙarshe, haramar tafiya ce ke cinye shi.